Likita Ya Amsa: Waswasin Alwala da Munanan Tunani

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, kuma duk kukan ciwo ɗaya suke yi: waswasi, wanda ake rubutawa TOC a takardar asibiti.

Wani ɗalibi daga Tawa: "Likita, buta uku ba ta isata alwala ɗaya. Da na kabbarta sai zuciyata ta ce iska ta fita, in koma in sake. Wata rana ina kan Azahar ake kiran La'asar. Hannuwana duk sun tsage. Raunin imani ne?"

Ɗana, ciwo ne, kuma yana da magani. Kimanin mutum 2 cikin 100 kan gamu da shi a rayuwarsu, galibi yana farawa kafin shekara 25, kuma yakan bi jini. Ga yadda yake aiki. Shakka ta faɗo maka, gabanka ya faɗi, ka sake alwala, hankalinka ya kwanta na ƴan mintuna. Wannan ɗan sauƙin shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa takan ɗauka sakewar ce ta cece ka, gobe sai ta nemi ƙari. Kamar susar ƙazwa ne, daɗin nan take, miki daga baya. Idan abin yana cin fiye da awa ɗaya a yini, ko yana hana karatu da aiki, ya zama ciwo.

Malamanmu ba su bar mai waswasi a duhu ba. A hadisin Buhari da Muslim, an kai wa Annabi (SAW) kukan mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita yana salla, ya ce kada ya juya sai ya ji ƙara ko wari. Ahalari ma, da aka biya mana tun muna yara, ya ce mai waswasi ya watsar da shi, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi ba'adi kawai. Ka tuntuɓi malaminka ya tabbatar maka.

Abin da muke koyarwa a asibiti bai yi nisa da wannan ba: ka fuskanci shakkar, ka ƙi sakewa. Buta ɗaya, kowace gaɓa iyakarta uku, ka miƙe ka kabbarta. Zuciyarka za ta buga, gumi ya keto, ka ji kamar sallar ta ɓaci. Tsaya a haka. Fargabar takan hau, sannan ta sauka da kanta, kuma kullum ka jure, ƙarfinta raguwa yake. Fara da salla ɗaya, wadda ta fi maka sauƙi. In ya gagara kai kaɗai, ka je babban asibitin jihar Tawa ka nemi ganin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Hannuwan kuma ka riƙa shafa musu man kaɗanya.

Wata mai jego daga Bukoki, Yamai: "Tun da na haihu, in na ɗauki wuƙa zan yanka albasa sai in ga hoton ina cutar da jaririna. Na daina yi masa wanka don tsoro. Surukata ta ce iska ce."

Ƙanwata, na san abin da kika haɗiye kafin ki iya rubuta wannan, Allah Ya ba ki lafiya. Irin tunanin nan yakan taso wa mata da yawa bayan haihuwa. Yadda yake firgita ki shi ne shaidar cewa ba nufinki ba ne, kuma masu waswasi ba a san su da aikata abin da suke tsoro ba. Gudun wuƙa da gudun wanka ne ke ƙara masa ƙarfi. Ki koma yi wa yaronki wanka, da farko wata tana kusa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti: akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da ake ce wa Pavillon E a babban asibitin ƙasa na Yamai, kuma akwai maganin da mai shayarwa za ta iya sha. Amma in kin fara jin muryoyi, ko kika kwana biyu barci ya ƙaurace, ko kika ji kina son halaka kanki, wannan wani ciwon ne daban, a kai ki a ranar.

Wani magidanci daga Madawa: "An rubuta wa ƙanena fluoxetine, sati uku ba canji. Ya bari? Kullum da dare sai ya tambaye mu sau goma ko an kulle ƙofa."

Malam, kada ya bari. Wannan magani, da ƴan'uwansa irin sertraline da clomipramine, kan ɗauki sati 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsu a waswasi, kuma sau da yawa sai likita ya ƙara awo. In ya karɓe shi, akan ci gaba aƙalla shekara guda, a janye a hankali, ba rana ɗaya ba. Ba irin tiramol ba ne, ba ya bugarwa. A saya a farmasi da takardar likita, a bar na masu yawo da magani a kai.

Maganar ƙofa kuwa, tausayi ne ke sa ku amsa masa, amma kowace amsa ciyar da ciwon take yi. Ku zauna da shi da rana, hankali kwance, ku yi yarjejeniya: amsa ɗaya a dare. In ya sake tambaya, ku ce masa da taushin murya, "Mun riga mun amsa," ban da tsawa, ban da gori. Kwanakin farko zai ji haushinku, don haka ku sanar da likitansa kafin ku fara.