Zazzaɓin Lassa: Wane Shiri Ƙaramin Asibiti Zai Yi?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibiti a jihar Bauchi. Da rani ya kama sai hankalinmu ya tashi saboda Lassa. Me za mu tanada?

Amsa: Malama, a fara da tantancewa tun a bakin ƙofa. Duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a keɓe mai shi, a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lambar waya 6232. Kada a jira ganin jini, domin yawancin masu cutar ba sa zubar da shi, kuma ribavirin, maganin da ake ba masu Lassa, ya fi amfani a kwanaki 6 na farko.

Sai ruwan kulorin. Idan bilicinku mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ne, kofi 1 a ruwa kofi 6 shi ne na goge jini da gadaje. Na wanke hannu kuwa, a ɗebi kofi 1 na wannan haɗin a ƙara ruwa kofi 9. A haɗa sabo kullum, rana na kashe ƙarfinsa.

Wajen tuɓe kayan kariya ake yawan kamuwa, an gaji, gumi na zuba, hannu ya kai ido. A riƙa atisaye bibbiyu, ɗaya na cirewa ɗaya na kallo. Wanda ya taɓa majinyacin ba kariya, a riƙa auna zafin jikinsa har kwana 21.