Hukuncin Sayarwa da Buga Tsofaffin Wasannin Gem a Na'urar Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan waya a Kano. Yanzu ana kawo mana ƙananan na'urorin gem na hannu daga China, irin su R36S da Anbernic da Miyoo, kuma galibi suna zuwa da memori cike da tsofaffin wasannin Nintendo da Sega da PlayStation, har a rubuta dubu goma sha biyar a jikin kwali. Iyaye sukan ce in zaɓa musu wasan da ya dace da yara. Wani ya ce mini duk gem haramun ne saboda hadisin nardi, wato hadisin da ya hana wasan jefa ƙwaya, wani kuma ya ce babu komai tunda kamfanonin ba na Musulmi ba ne kuma wasannin sun tsufa. Shin ya halatta in sayar, in buga, in kuma ba da shawarar wasa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, su biyun da suka ba ka amsa kowa ya yi kuɗin goro, abin kuwa yana buƙatar rarrabewa. A hannunka akwai na'urar, akwai manhajar kwaikwayo da ake kira emuleta, akwai kuma fayil ɗin wasan da ake kira ROM. Kowanne da hukuncinsa.

Na'urar ƙaramar kwamfuta ce, kayan aiki kamar waya. Emuleta kuma manhaja ce da ke kwaikwayon cikin tsohon inji, ta yadda wasan da aka rubuta wa Famicom, injin gem na Nintendo na 1983, ko PlayStation na 1994 zai yi aiki kamar yana kan injinsa. Sanannun cikinsu, RetroArch da mGBA da PPSSPP, masu su ne suka rubuta su suka bayar kyauta. Ko a shari'ar kotu, a shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony game da emuletar PlayStation. Asalin abubuwa irin waɗannan halacci ne, don haka saye da sayar da na'urar da manhajarta babu laifi.

Shi kansa wasa ba haramun ba ne. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya bar Habashawa suna wasa da masu a masallaci, ya kuma ce wa Hanzala "sa'a da sa'a", wato lokaci na ibada, lokaci na hutu. Hadisin nardi ingantacce ne, Muslim ya ruwaito cewa mai wasa da shi kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana nardi da shaɗaranji, wato wasan chess. Sai dai nardi wasa ne sananne da ake jefa ƙwaya irin ta lido, sa'a ce ke tafiyar da shi. Tetris ko tseren mota ba su shiga wannan suna ba, don ido da hannu da tunani ne ke aiki a cikinsu. Inda hadisin ya shafe ka shi ne a irin waɗannan memori ana samun nardin kansa da karta da injin caca an mayar da su gem. Waɗannan a goge su. Batun hoto kuma, a mazhabar Malikiyya abin da aka haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa cikakken halitta, hoton da ke kan allo yana ɓacewa da an kashe na'ura ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne fayil ɗin wasan. Waɗannan dubban wasanni ba da izinin masu su aka loda su ba, 'yan kasuwa ne ke kwafa su cika memori don kayan su yi farin jini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta zartar a ƙuduri na 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya, shari'a ta kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta haɗa da manhajar kwamfuta. Tsufa kuwa bai sauke haƙƙin ba. A Amurka aikin kamfani yana da kariyar shekara 95, Super Mario Bros kuma a 1985 ya fito, da sauransa ƙwarai. Wasannin nan ba yasassu ba ne: Nintendo na ba da su ga masu biyan kuɗin Nintendo Switch Online, Konami da Capcom na sayar da tarin Contra da Mega Man har gobe.

Maganar "dukiyar waɗanda ba Musulmi ba ce" ba ta da tushe. Bukhari ya ruwaito cewa Mugira bn Shu'uba, kafin ya musulunta, ya yaudari abokan tafiyarsa ya kwashe dukiyarsu. Da ya zo Madina Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya ce shi babu ruwansa da dukiyar. Mutanen da muke cinikayya da su cikin aminci dukiyarsu tana da alfarma.

Saboda haka sayar da memori mai ɗauke da kwafin wasanni, ko karɓar kuɗin lodi, bai halatta ba, domin cin riba ne daga haƙƙin wani ba da yardarsa ba. A nan ban ga wata ƙofa ba. Mai buga wa kansa kuwa yanayinsa ya bambanta. Akwai malaman zamani da suka sassauta a kwafin amfanin kai in ba kasuwanci. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne wannan sassaucin ya tsaya ga wasan da babu inda ake sayar da shi yau kuma babu mai bibiyar haƙƙinsa. Wanda mai shi ke sayarwa har yanzu, a saya ko a haƙura, tunda gem ba lalura ba ce.

Wanda ya mallaki kaset ko faifai na asali yana iya kwafar nasa don ya buga a na'urarsa, abin da ya saya ne yake amfani da shi, muddin bai raba wa mutane ba kuma bai sayar da na asalin ya riƙe kwafin ba. Amma a duba ko na asalin ne. Kaset ɗin nan masu ruwan ɗorawa da aka rubuta wa "9999 in 1" da suka cika kasuwanninmu a da, jabu ne tun daga masana'anta. Faifan PlayStation na farko na gaskiya bayansa baƙi ne, wanda bayansa yake fari kamar azurfa galibi kwafi ne. Riƙe irin waɗannan bai ba mutum wani haƙƙi ba. Kwafar faifai na asali ba wuya: a sa shi a kwamfuta mai karanta faifai, a fitar da shi da manhaja irin ImgBurn, za ta ba da fayil biyu, BIN da CUE. Dole su zauna tare a wuri ɗaya kuma kada a canza wa BIN suna, domin CUE da sunan yake nemansa, in bai gan shi ba wasan ba zai tashi ba. Kaset ɗin Game Boy kuma sai da ƙaramin makaranci irin GB Operator ko GBxCart. Haka nan fayil ɗin BIOS na PlayStation, wato manhajar cikin injin da ke tayar da shi, mallakar Sony ne, hukuncinsa hukuncin wasan. PPSSPP da mGBA ba sa buƙatar BIOS, emuletar PlayStation mai suna PCSX ReARMed kuma tana aiki ba tare da shi ba, sai dai wasu wasannin kan ƙi tashi.

Kai ɗan kasuwa ga yadda za ka tsarkake kayanka. Kada ka yi wa memorin fomat, domin a na'ura irin R36S tsarin da ke tayar da ita a cikinsa yake, in ka goge komai allon ba zai ƙara kawowa ba. Sa memorin a kwamfuta, ka fara ajiye kwafin fayilolin tsarin, sannan ka shiga ɓangaren wasanni, wanda a tsarin ArkOS ake kira EASYROMS. Goge abin da ke cikin foldojin, ka bar foldojin yadda suke, don da sunayensu na'urar ke gane kowane inji. Ka fara da foldar wasannin arcade, can ne ake samun wasannin mahjong da karta na Japan waɗanda ladan cinsu hoton tsiraici ne, kuma sunan ba ya nuna komai, yaro zai iya faɗawa ciki yana laluben wasan mota. Bayan haka ka loda wasannin da masu su suka bayar kyauta, akwai su da yawa a shafin intanet na itch.io, musamman na Game Boy da aka yi da manhajar GB Studio, amma ka karanta sharaɗin kowanne, wani ya yarda a buga bai yarda a haɗa shi da kayan sayarwa ba. Ka kuma faɗa wa mai saye gaskiya: adadin da ke kan kwali cike yake da maimaici, wasa ɗaya fitowar Japan da ta Amurka da ta Turai ana ƙirga shi uku, kuma memorin da ke zuwa da na'urar mara inganci ne, yakan mutu da duk abin da aka ajiye. Gara a canza shi da SanDisk ko Samsung mai 64GB. Wanda ya yi algus ba ya cikinmu, in ji Annabi (SAW). Na san cinikin zai ragu, domin dubban wasannin ne ke jan mutane, amma abin da ya rage halal ne tsantsa.

Ba da shawarar wasa ya halatta, matuƙar ba ka nuna wa mutum inda zai saci fayil ba. Ga wanda ya same su ta hanyar halal, Tetris na Game Boy da Dr. Mario babu abin ƙi a cikinsu, suna ma wasa ƙwaƙwalwa. SimCity na Super Nintendo yana koya wa yaro tsara gari da lissafin haraji. F-Zero da Gran Turismo tsere ne kawai, Winning Eleven ƙwallo ce, Advance Wars dabarar yaƙi ce ba jini. Wasu kuma asalinsu lafiya lau sai wani lungu: Sonic 2 yana da matakin gidan caca mai injin juyawa, tsofaffin Pokémon suna da shagon caca a garin Celadon, kuma kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta Pokémon gaba ɗaya a 2001. Ba kuɗin gaske ake sawa ba, amma ba na son idon yaro ya saba da injin caca. Fitowar farko ta Zelda: Ocarina of Time ta 1998 tana ɗauke da sautin zikirin Musulmi cikin kiɗan wani haikalin wuta, Nintendo ta cire shi a fitowar baya, don haka a guji ta farkon. God of War na PSP a kan allolin Girka aka gina shi ga tsiraici, GTA sata da kisa ne ake ba lada, Mortal Kombat kuma fille kai da zare laka. Waɗannan ba na yaro ba ne, babba ma ya nisance su.

Kiɗa jumhurun malamai sun hana, a rage murya. Wasannin PlayStation da yawa suna ba da damar kashe kiɗa a bar ƙarar wasan, na Famicom kuwa galibi sai dai a kashe duka. Sanya kuɗi a kan wasa caca ce, har da al'adar gidan gem ta "wanda aka ci shi zai biya", tunda kowanne ya shiga ne tsakanin riba da asara. Uzurin da yara suka saba kawowa na "bari in kai wurin ajiya" ya faɗi a waɗannan na'urori: emuleta na ajiye wasa a daidai inda aka tsaya da danna maɓalli biyu, Miyoo mai tsarin Onion ma da kanta take ajiyewa in an kashe ta. Koya wa iyayen wannan maɓallin kafin su bar shagonka, su kuma yanka wa yaro lokaci bayan makaranta da islamiyya. Duk ranar da gem ya fitar da salla daga lokacinta, bugunsa a wannan hali haramun ne ko da Tetris ne.

Allah ne Mafi sani.