Amsa ga mai karnukan da ke faɗa da an ɗauko sarƙa

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka cewa karnukanka biyu suna wuni lafiya da juna, amma da zarar ka ɗauko sarƙa za ka fita da su sai su rikice da tsalle da haushi har su kaure da faɗa a bakin ƙofa, sai na ji kamar labarin gidana kake bayarwa. Ni ma karnuka maza biyu gare ni a nan Tunfure ta Gombe, Tiga da Baƙi, kuma tabon wannan matsala yana hannuna na dama har yau.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da kuɗina aka ƙara lalata mini su. Wani mutum da aka haɗa ni da shi, wai mai horar da karnuka ne, ya ce in riƙa ɗaure su biyun a sarƙa ɗaya mai baki biyu, duk wanda ya yi gurnani in zuba masa dorina. Mako uku yana zuwa yana dukansu a gabana, ni kuwa ina tsaye ina ganin aiki ake yi. Baƙi, wanda shi ne ƙarami, ya koma da ya ji ƙarar sarƙa sai jikinsa ya hau ɓari, ya riga kai cizo tun ba a taɓa shi ba. Da Baƙi ya cije ni a hannu na kira mutumin, sai ya ce ai karnukana ne ba su da asali, ya kashe waya, bai ko tambayi hannuna ba. Har yanzu in na tuna yadda na tsaya ana dukan dabbar da ke gadin iyalina cikin dare, sai zuciyata ta yi baƙi.

Ranar wata Asabar ce bayan La'asar, a ɗan lungun da ke tsakanin katanga da mota. Tiga ya cafke kunnen Baƙi, sarƙar ta nannaɗe su ba mai iya ja da baya, ni kuma na kai hannu zan kama abin wuyan Baƙi. Haƙoransa suka shige tsakanin babban yatsana da manuni. Bai san ni ya ciza ba, idonsa ya rufe. 'Yata ƙarama tana bakin ƙofar kicin tana ihu, jini yana ɗiga a kan silifas ɗina. Na wanke ciwon da sabulu a bakin famfo tsawon minti 15 kamar yadda ake umarta, sannan muka tafi asibiti, kuma da yake na yi sakaci rigakafin haukan kare na Baƙi ya wuce lokacinsa, sai da na karɓi allura biyar, a ranar farko, da rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28, ban da ta tetanus. Don Allah ka duba katin rigakafin naka tun yau, shekara-shekara ake yi. Kuma kada ka taɓa sa hannu kusa da bakinsu idan sun haɗu. Ka kwara musu bokitin ruwa, ko ka tura faffaɗan katako tsakaninsu, ko kuma ku biyu kowa ya ɗaga ƙafafun baya na kare ɗaya ya ja shi baya.

Daga baya wani likitan dabbobi ya fahimtar da ni cewa ba ƙiyayya ba ce tsakaninsu. Zumuɗi ne ke cika su har ya rasa mafita, ga wuri a matse, sai kowanne ya sauke shi a kan na kusa da shi. Sai na fara ɗauko sarƙa sau da yawa a rana, in kaɗa ta, in rataye, in koma na zauna, ba tare da an fita ba, har ƙararta ta daina tayar musu da hankali. Sannan na daina fita da su tare. Ina barin Tiga a kejinsa, in kira Baƙi, sai ya zauna kafin in sa masa sarƙa, in ya miƙe in tsaya, in ya yi tsalle in mayar da ƙofa in rufe, ba tsawa ba duka. Akwai ranar da muka kwashe kusan rabin awa a bakin ƙofa. Idan ya zauna ina ba shi ɗan guntun nama nan take.

Ka hana yara ihu da kiran sunayensu a lokacin fita, domin su ma suna ƙara hura wutar. Ni na mayar da fitar bayan sallar Asuba, saboda a watan Maris da Afrilu kwalta tana ƙona musu tafin ƙafa da yamma, ga yaran unguwa masu jifa da duwatsu, wanda shi ma ya taɓa jawo mini rigima da maƙwabci.

Sai bayan kimanin wata biyu na sake haɗa su, kowanne da sarƙarsa da mai riƙe shi, ni da ƙanena, kuma a waje muke haɗuwa inda akwai fili, da tazara tsakaninsu. Idan na ga gashin bayan ɗaya ya miƙe, ko jelarsa ta sanƙare yana kafe ɗan'uwansa da ido, sai mu ƙara nisa tun gurnani bai fara ba. Har yau ba na bari su bi ƙofa a lokaci ɗaya.

Ba ka faɗa ba ko naka duka maza ne ko akwai karya a ciki ko a maƙwabta, domin lokacin barbararta, wanda yakan zo kusan sau biyu a shekara, faɗan maza yana ƙaruwa ƙwarai. Ka sanar da ni wannan da shekarunsu, da kuma ko sun taɓa fitar wa juna jini. Allah Ya kiyaye ka da iyalinka.