Amsa ga Alhaji a Kano: yadda muke taimakon yara a Madagaska

Alhaji, ka tambaya me ya sa mu Hausawan da fatauci ya zaunar a Madagaska ba ma ɗaukar yaran talakawa riƙo, kuma ko dilar atamfa daga Kantin Kwari za ta yi amfani. Allah ya saka da alheri, amma yunwa ce kan gaba. Kusan yara huɗu cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma a kudu, yankin Androy, farin 2021 ya kai mutane cin 'ya'yan kaktus (wani tsiro mai ƙaya) da tsamiya.

Riƙo mun guje shi da gangan. Yaron da aka raba da uwarsa aka kai birni yakan ƙare a wanke-wanke da ɗiban ruwa, karatu ya bi ruwa. Mun fi so a taimake shi yana ɗakin uwarsa.

Zakka da sadakarmu mukan tara ta ne don watannin Nuwamba zuwa Maris, kafin girbin shinkafa, lokacin da rumbu ya ƙare ga kuma guguwar teku. Mai unguwa ke nuna mana gidajen. Shinkafa ake bayarwa da gwangwanin madara, mudunsu ke nan, uku da rabi kusan kilo guda, a hannun uwa, mako-mako. In aka ba da ta wata guda, bashi ke cinye ta.

Yaron da ya rame sai a auna damtsensa da tef. Ƙasa da santimita 11.5, ko ka danna ƙafarsa yatsa ya bar rami, tamowa ce mai tsanani, asibiti kai tsaye. Can ake ba da wani abincin gyaɗa na leda da ke maganin tamowa, kowace leda gram 92, yaron ya yi makonni shida zuwa takwas yana ci. Inda ake samun matsala: uwa mai 'ya'ya biyar ba za ta iya kallon huɗu suna kuka ba, sai ta raba musu, mai ciwon ya ƙi tashi. Shi ya sa shinkafar gida take tafiya tare da maganin.

Sai makaranta. Malamai da yawa iyaye ke biyansu, yaron da ba a biya masa ba ya zauna gida. Muna biya wa makarantar kai tsaye, mu kuma nema masa takardar haihuwa, don ba ita ba jarrabawar firamare. In za ka turo, Alhaji, kuɗin ka turo kafin Nuwamba.