Hotuna masu motsi a ekran: tambayoyinku ga likita

Wannan satin tambayoyi huɗu suka zo kusan iri guda, duk kan hotunan nan da ke tashi su kaɗai idan an bar ordinatair ko portabul ba a taɓa ba, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya daga wata uwa a Tawa: Likita ina wuni. Yarona shekara 11 ya tahi sibar, yana zamne gaban ordinatair da aka bari sai wasu kaloli suka shiga walƙiya ja da shuɗi, nan take ya ƙame ya hwaɗi yana shure-shure. Kakatai ta ce iskoki ne. Mi ya same shi?

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika faɗa ya yi kama da farfaɗiya mai tashi da walƙiyar haske, amma sai an duba shi kafin in tabbatar. A cikin masu farfaɗiya 100, kamar 3 ne haske ke tayar musu da ita, kuma an fi ganin ta ga yara da matasa. Idan haske na kunnawa yana kashewa da sauri, musamman sau 15 zuwa 25 a daƙiƙa guda, sai ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke kula da gani su harba gaba ɗaya lokaci guda, ja mai ƙarfi kuma shi ya fi tsokano abin. A Japan ranar 16 ga Disamba 1997 an nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon a tele, ja da shuɗi suna walƙiya na ƴan daƙiƙu kawai, yara sama da 600 aka kwasa zuwa asibiti.

Ki kai shi asibiti, ki nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa a yi mishi gwajin EEG, wanda ake liƙa ƙananan wayoyi a fatar kai, ba zafi ba allura, har fitila suke walƙa mishi da gangan su gani ko ita ce sanadi. Kafin nan ki koya mishi abu guda: in ya ga walƙiya ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya kau da kai. Runtse ido biyu bai isa ba, haske na ratsa fatar ido. In kuma ya sake faɗuwa don Allah kar a cusa mishi cokali a baki, kar a ɗura mishi ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai, a kwantar da shi ta gefe a sa wani abu mai taushi ƙarƙashin kai, in ya wuce minti 5 yana yi a ruga asibiti. Kuma yawunshi ba ya sa wa kowa ciwon, wannan maganar ta sa yara da yawa an guje su a lakkol a banza.

Tambaya daga wata sakatariya a Yamai: A biro ɗinmu an sa taurari masu tahowa kamar za su faɗo ma mutum a fuska, in na kalla sai jiri da tashin zuciya. Hawan jini ne?

Amsa: Ki auna jinin dai, ba ya cin lokaci. Amma na fi zaton rikici ne tsakanin ido da kunne. Ido na ce ma ƙwaƙwalwa ana tafiya, cikin kunne da ke riƙe daidaiton jiki na cewa ai zaune muke, to shi ne amai ke tasowa, irin na mai karanta saƙo cikin mota a hanyar Dosso. Ko a 2013 da kamfanin Apple ya fito da iOS 7, tsarin da ke tafiyar da wayar iPhone, mutane sun yi ta ƙorafin jiri saboda motsin hotuna. Ki canja hoton taurarin zuwa baƙi kawai. Masu ciwon ɓarin kai sun fi jin wannan jirin.

Tambaya daga wani ɗalibi a Bukoki: Na sa kifaye masu iyo don idona ya huta, yana aiki?

Amsa: Ɗana, ba don idonka aka ƙirƙiro su ba, don ekran ne. Tsofaffin ekran ɗin nan masu ƙaton ƙeya, in hoto guda ya daɗe a kansu sai ya ƙone ya bar tabo, shi ya sa aka sa abu mai motsi. Kifayenka caji kawai suke sha, kuma idonka na nan maƙale kusa-kusa, ƙiftawa ta ragu, ga ƙurar hunturu ta ƙara busar da shi. Duk minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, bishiyar maina da ke ƙofar gida ma ta isa.

Tambaya: Jaririyata wata 8, sai na kunna mata kumfa masu kala a portabul take barci.

Amsa: Ki janye shi a hankali, Maman bebi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta 2019 ta ce ban da ekran ga wanda bai kai shekara ba, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kar su wuce awa 1 a rana. Za ta yi rigima dare biyu ko uku, ki goya ta, ki rage fitilar ɗakin.