Amsar Baffa a Kan Raha da Cikin Budurwa

'Yata, bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai. Kin ce an ba ku aikin rubuta wasan barkwanci a makaranta, kina tambaya ko al'adarmu ta yarda a yi raha da labarin budurwar da ta yi ciki, kamar yadda kika gani a finafinan Amurka. Na yi murmushi, don ban taɓa zaton 'ya za ta tambayi baffanta irin wannan ba. Daga baya kuma na zuba tagumi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muna yara ko cikin sunna ba a kiran sunansa. Sai dai a ce wance ta samu ƙaruwa, ko tana da juna biyu, ita kuma ta yi ta jan mayafi har a kai ta gida goyon ciki. Amma raha akwai ta, da ƙa'idarta: jika da kaka, taubashi da taubashiya, Bafulatani da Babarbare. Kakanki, Allah ya jiƙansa, yakan ce kada ka tsokani wanda ba shi da bakin ramawa. Yarinyar da cikinta ya fito a ɗakin uwarta ba ta da wannan bakin.

Turawan ma ba haka suka faro ba. Daga 1934 masana'antar Hollywood ta tsaurara dokar tace fim. Shi ya sa a The Miracle of Morgan's Creek na 1944 sai da aka ɗaura wa yarinyar aure a daren bikin sallamar sojoji, ta wayi gari ba ta tuna sunan mijin ba, sannan aka yarda ta yi ciki, har ta haifi 'yan shida. A 1956 dokar ta fito fili ta ce ba a yin barkwanci da zubar da ciki, ko kalmar ma kada a furta. Sai 1968 aka jingine ta. Duk da haka tsoron bai fita ba. A Knocked Up na 2007 abokin saurayin sai murɗe kalmar ya yi, bai faɗe ta ba. A Juno, shi ma na 2007, yarinya 'yar shekara 16 ta je asibitin zubar da ciki, wata 'yar makarantarsu ta tare ta a ƙofa ta ce jaririn har farce gare shi. Tana zama a ɗakin jira sai ƙarar farce ta ko'ina, wannan na susa, wancan na ƙwanƙwasa, ta tashi da gudu. Ga kuma dalili na sana'a: wata tara yana cika fim da laulayi da awo da rigimar surukai, zubarwa kuwa tana yanke labarin tun da wuri.

Wanda nake so ki zauna ki nazarta shi ne Fast Times at Ridgemont High na 1982. Wata yarinya ce ta yi ciki, kuɗin zubar da shi kuma dala 150 ne. Yarinyar ta nemi saurayin ya kawo rabi, dala 75, ya kuma kai ta a mota. Ya amsa. Aka nuna shi yana bin masu bashinsa a waya, babu wanda ya biya, ranar kuma ya ɓace. Ta yi ta jira a gida. A ƙarshe ta roƙi yayanta ya sauke ta a wani wurin wasa, wai za ta haɗu da ƙawarta. Ya ja mota, sai ya hango ta tana tsallaka titi zuwa asibitin. Da ta fito, ga shi tsaye yana jiranta. Bai ɗaga murya ba, ya yi mata alkawarin rufa asiri. Fim ne mai cike da shirme, amma a wannan wurin aka ɗauke dariyar gaba ɗaya, abin kunyar kuma aka ɗora shi a kan wanda ya gudu. Nan masu koyo suke faɗuwa: sukan bar rahar tana gudana a kan hawayen yarinyar, mai kallo ya fita da ƙyamarta, namijin kuma ya sha.

Wannan ne yake ɓata min rai da gajerun bidiyon da yaranmu suke ɗorawa a TikTok. A cusa wa yarinya filo a riga, uba ya biyo ta da taɓarya, a yi ta shewa. Saurayin ko fuskarsa ba a nunawa. A gidajen da abin ya faru da gaske kuwa, kwana ake yi ba a ɗora tukunya ba, wata yarinyar ma tsoro ya kai ta hannun wanda bai san aiki ba, a rasa ta.

Obvious Child na 2014, inda jarumar ta zubar da cikin ranar 14 ga Fabrairu labarin kuma ya ƙare da soyayya, na mutanensa ne da dokarsu ta lokacin. Mu addini ya yi magana, dokar Najeriya ba ta yarda ba sai don ceton ran uwa, ga Hukumar Tace Finafinai ta Kano tun 2001. Wanda ya daka rawar wani, in ji innarmu, ya rasa turmin daka tasa.

Ki aiko min da fitowa biyun farko in duba, ki kuma gaya min wa kika sa ya fara jin labarin a gidan, uwar ko yayan. Ki gaida mamanki.