Ɗana kullum cikin faɗa, kuma kullum "shi ya fara"

Tambaya: Ɗana yana aji biyar na firamare, shekararsa 11. Da wuya mako ya wuce ba a kira ni makaranta ba, wai ya daki wani. In na tambaye shi sai ya rantse da gangan aka taka shi, ko shi ake yi wa dariya. Babansa ya zane shi har ya gaji. Ƙarya yake mana ko taurin kai ne?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa ba ƙarya yake ba. Abin da ya faru ya faɗa miki, matsalar tana wurin yadda yake fassara niyyar mutane.

A 1980 wani masanin halayyar yara a Amurka, Kenneth Dodge, ya gwada yara maza 'yan firamare. Yaro zai zauna yana haɗa gutsattsarin hoto, sai wani yaron ya wargaza masa. Inda mugunta ta fito fili, duk yaran sun fusata. Inda aka ga ba da mugun nufi ba ne, har masu yawan faɗan sun haƙura. Sai inda ba a gane niyyar ba bambanci ya bayyana: sauran yara suka bar shi a tsautsayi, masu faɗan kuwa suka ɗauke shi raini. A 2015 Dodge da abokan aikinsa sun ga haka a yara kusan 1,300 daga ƙasashe tara, ciki har da Kenya da Jodan.

Ki duba rayuwar makaranta. Turereniya a bakin famfo, ƙwallo ta bugi mutum, wasu biyu na raɗa suna kallonsa. Yawanci ba a san nufin mai yi ba, amma ɗanki ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya juyo. Da ya kai hannu sai yara su fara gudunsa, daga baya su koma tsokanarsa da gaske, zargin da yake yi ya tabbata. A wannan shekarun yaro ya fara damuwa da matsayinsa cikin tsara, shi ya sa abin ke masa ciwo haka. 'Yan mata ma suna yi, sai dai nasu ya fi fitowa ta gulma da ware ƙawa.

Batun bulala kuwa, ina roƙon maigidan ya ajiye ta. Binciken da Dodge da wasu suka wallafa a 1990 ya nuna yaran da ake wa mummunan duka a gida sun fi saurin zargin mutane da mugun nufi. Dukan yana ƙara koya masa cewa duk hannun da ya nufo shi na cuta ne. A hukunta shi ta wata hanya: ya ba da haƙuri, ya biya abin da ya ɓata, a hana shi fita wasa ranar.

Sai ya huce za ki zauna da shi. Kar ki fara da "me ya sa ka dake shi?" Ki ce, "Me ka gani da idonka? Me ya ce? Ban da raini, me kuma zai sa ya taka ka?" Da farko zai ce babu komai. Ki ci gaba, ko da labarin wasu yara ne, har ya saba kawo dalili biyu ko uku, kuma ya saba tambayar "da gangan ka yi?" kafin ya ɗaga hannu.

Kafin duk wannan, ki ga malamin ajinsu, don wani lokacin da gaske ana cin zalin yaron. Ki kuma bincika ko faɗan na zafin zuciya ne, ko kuwa cikin natsuwa yake ƙwace kuɗin tara na ƙanana. Na biyun daban ne, sai an toshe ribar da yake samu. In kuma ya fara ɗaukar makami, ko azabtar da dabbobi, ko ji wa yara rauni, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa ba tare da jinkiri ba.